Ƙafafuna suna sagewa idan na yi tafiya, kuma an ce sai an yi mini aiki a baya

Wasiƙar wannan makon ta zo ne daga wani dattijo mai shekara 63, mazaunin Agege a nan Legas, wanda ya shafe fiye da shekara 30 yana dillancin albasa a kasuwar Mile 12. Ga taƙaitaccen abin da ya rubuto:

"Assalamu alaikum. Kusan shekara biyu ke nan ina fama da ciwon ƙugu, amma abin da ya fi damuna yanzu shi ne ƙafafuna. Idan na taka daga bakin titi zuwa rumfarmu, sai cinyoyina su yi nauyi, ƙafafun su sage kamar ba nawa ba, dole in nemi buhu in zauna. Da na zauna minti biyu ko uku sai abin ya sake ni. A masallaci ba na iya tsayuwa bayan liman mai doguwar sura, amma da an yi ruku'u sai in ji sauƙi. Ina da hawan jini, kuma safe da yamma ina shan haɗin da wani mai kemis yake ɗaure mini a leda. An yi mini hoton MRI a wani asibitin kuɗi, likita ya ce hanyar laka ta tsuke a L4 da L5, kuma idan ba a yi mini aiki an sa ƙarafa cikin wata guda ba zan gurgunce. Kuɗin da aka yanka mini sai na sayar da gonata ta gida. 'Yan uwana kuma sun ce duk wanda aka taɓa wa baya da wuƙa ba ya sake tafiya, in koma gida a yi mini ƙaho da ɗori. Na rasa wanda zan bi."

Wa alaikumus salam, Alhaji. Allah ya ba ka lafiya, ya sa wannan jinya ta zama kaffara.

Na karanta wasiƙarka fiye da sau ɗaya, kuma abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cewa likitan da ka gani da 'yan uwanka, duk da sun yi hannun riga a shawara, da kalma ɗaya suka tsorata ka, wato gurguncewa. Wancan ya ce za ka gurgunce idan ba a yi aikin ba, waɗannan sun ce za ka gurgunce idan an yi, ka zama gaba kura baya sayaki. Ban duba ka ba, kuma takarda ba ta maye gurbin hannun likita, amma bisa abin da ka bayyana da bakinka ina ganin kowane ɓangare ya kai maganar inda ba ta kai ba. Wannan ciwo yana takura mutum ƙwarai, yana rage masa nisan tafiya da tsawon tsayuwa, sai dai a mafi yawan mutane tafiyar hawainiya yake yi, kuma ba kasafai yake kwantar da mutum dare ɗaya ba. Saboda haka kana da lokacin yin tunani, muddin wasu alamomi da zan ambata a gaba ba su bayyana ba.

Zai taimaka ka san abin da ke faruwa a bayan naka, domin bayanin da ka yi game da ruku'u ya kusa faɗin sunan ciwon tun kafin a ɗauki hoto. Ƙashin baya jerin ƙananan ƙasusuwa ne da aka ɗora wani a kan wani: 7 a wuya, 12 a tsakiyar baya inda haƙarƙari ya maƙale, 5 a ƙugu, sai kuma waɗanda suka manne da juna a can ƙasa. Na ƙugun nan su ne likitoci suke ƙirgawa daga L1 zuwa L5, don haka L4 da L5 da aka rubuta maka su ne biyun ƙarshe, kuma a tsakaninsu ne wannan tsukewa ta fi yawan faruwa. Kowane ƙashi yana da kafa a tsakiyarsa, idan aka jera su sai kafofin su zama kamar bututu, kuma ta cikin wannan bututu laka take saukowa daga ƙwaƙwalwa. Ita lakar kanta a wajen L1 ko L2 take ƙarewa. Daga nan zuwa ƙasa tarin jijiyoyi ne suke saukowa a barbaje kamar jelar doki, su ne suke kai saƙo zuwa cinyoyi da ƙafafu da mafitsara da dubura.

Idan shekaru suka ja, abubuwa uku sukan haɗu su ci filin wannan bututu. Faifan guringuntsin da ke tsakanin ƙashi da ƙashi yana bushewa ya baje, ya turo ciki ta gaba. Ƙananan gaɓoɓin da ke baya suna kamuwa da amosani, su yi kauri, su tsiro da ƙarin ƙashi a gefe. Sannan wani tantani mai kama da igiya da ke shimfiɗe a bangon bututun ta baya yana yin kauri ya naɗe zuwa ciki. Wannan shi ne abin da likitoci suke kira sitenosis, kalmar da asalinta daga Girkanci take, ma'anarta ƙunci, kuma wani likitan tiyatar jijiyoyi ɗan ƙasar Holan mai suna Henk Verbiest ne ya yi fice wajen bayyana ta a rubutunsa na shekarar 1954. Lokacin da mutum ya miƙe tsaye ko ya banƙare, bututun yana ƙara matsewa, jijiyoyin su rasa wadataccen jini, sai nauyi da sagewa da minjirya su sauko ƙafa. Lokacin da ya sunkuya ko ya zauna, bututun yana ɗan buɗewa, sai jijiyoyin su numfasa. Shi ya sa ƙiyamu yake wahalar da kai, ruku'u kuma yake hutar da kai. Idan ka lura da kyau, mai yiwuwa za ka ga hawan gadar masu ƙafa ya fi maka sauƙi a kan saukowa daga kanta, kuma idan ka dafa baro kana turawa a cikin kasuwa kana iya yin nisan da ba ka iya yi da hannu sake. Ka faɗa wa duk likitan da za ka gani waɗannan abubuwa, domin suna da nauyi a wajensa kamar yadda hoton yake da shi.

Game da hoton kuwa, ya kamata ka san cewa dattawa da yawa waɗanda babu abin da ke damunsu, idan aka sa su a na'urar MRI za a ga bututun nasu ya tsuke, alhali suna zuwa gona da kasuwa lafiya lau. Akwai kuma wanda tsukewarsa a hoto ba ta da yawa amma yana shan wahala. Don haka likitan kirki ba ya yanke hukuncin aiki da kallon hoto kawai. Sai ya sa ka yi tafiya a gabansa, ka taka da dunduniya, ka taka da yatsu, ya gwada ƙarfin kowace ƙafa, ya ƙwanƙwasa gwiwa da idon sawu, ya juya ƙugunka don ya tabbata ba amosanin gaɓar cinya ba ne, sannan ya taɓa bugun jini a bayan ƙafarka. Wannan na ƙarshe yana da muhimmanci gare ka musamman saboda hawan jininka. Toshewar hanyoyin jini na ƙafa ma tana kawo ciwo a lokacin tafiya, sai dai mai ita da ya tsaya cik ciwon yake lafawa ko bai zauna ba, kuma ta fi kama mai shan taba da mai ciwon suga. Shi ma ciwon sugan da kansa yana sagar da tafin ƙafa, kuma mutum yana iya haɗa biyu ko uku daga cikin waɗannan a lokaci guda. Idan likitan da ya ba ka wa'adin wata guda bai yi maka irin wannan dubawa ba, to hukuncin da ya yanke bai cika ba.

Yanzu ga alamomin da suke soke duk maganar jira, kuma ina roƙon ka karanta wa iyalinka su ma su riƙe. Idan fitsari ya ƙi fita alhali mara ta cika, ko ya riƙa zubowa ba da saninka ba, ko bayan gida ya kuɓuce maka, ko kuma ka zo yin tsarki ka ji wajen ya mutu, ba ka jin sanyin ruwa ko taɓawar hannu a tsakanin cinyoyi da kewayen dubura, to jijiyoyin nan na jelar doki sun shiga matsi mai tsanani. Haka nan idan ƙafa ta fara rauni cikin kwanaki kaɗan, tana ja a ƙasa, silifas yana suɓucewa ba ka sani ba. Wannan ba abin da ake kwana da shi ba ne, ko da tsakar dare ne, ko da ranar Lahadi ce. A ɗauke ka zuwa sashen gaggawa na babban asibiti, kamar asibitin ƙashi na Igbobi, ko asibitin koyarwa na LUTH da ke Idi-Araba, ko LASUTH da ke Ikeja wanda ya fi kusa da Agege, domin a irin wannan hali sa'o'i ne suke raba wanda zai warke da wanda zai rayu da robar fitsari. Kada kunya ta hana ka faɗa, na san dattawanmu sukan ɓoye irin wannan ko ga 'ya'yansu. Akwai kuma alamomin da ba na dare ɗaya ba amma suna buƙatar bincike da wuri: zazzaɓi da gumin dare da rama, ko ciwon baya da ba ya lafawa ko a kwance. A ƙasarmu tarin fuka yana cin ƙashin baya, kuma a namiji mai shekarunka ciwon dajin furostet, wato ƙululun nan da ke ƙarƙashin mafitsarar maza, yana iya bazuwa zuwa can. Idan kuma hannuwanka suka fara kasa sa maɓallin riga ko ƙirga kuɗi, ko kana tangaɗi a tafiya, sai a duba wuyanka, domin tsukewar wuya ita kan lakar kanta take danna, kuma hukuncinta daban ne.

Idan babu ko ɗaya daga cikin waɗannan, to abin da aka gani a wajen masu irin ciwonka da aka bi sawunsu har kusan shekara 3 ba tare da tiyata ba shi ne, kimanin kashi ɗaya cikin uku sun sami sauƙi, kusan rabi sun tsaya yadda suke, sai kashi 10 zuwa 20 cikin 100 ne abin ya ƙaru musu. Wannan bai yi kama da ciwon da ake ba wa wa'adin wata guda ba.

Abin da ya fi tayar mini da hankali a duk wasiƙarka, Alhaji, ledar nan ce ta mai kemis, kuma da ita nake so ka fara tun kafin maganar aiki. Irin wannan haɗi da ake ɗaurewa ba suna ba kwali, sau da yawa yakan ƙunshi magungunan kashe zafi iri biyu ko uku 'yan gida ɗaya, kamar daikulofenak da ibufurofen da firoksikam wanda aka fi sani da Feldene, a ƙara da firednisolon ko deksametazon, wani lokaci har da taramol. Magungunan rukunin farko suna cin bangon ciki har su kawo gyambo da zubar jini, suna raunana ƙoda, suna kuma ɗaga hawan jini tare da rage ƙarfin maganin da kake sha dominsa. Haɗa biyu daga cikinsu ba ya ninka sauƙi, illar yake ninkawa, ballantana ga mai shekara 63 da yake sha safe da yamma, wataƙila ma kafin ya karya. Firednisolon da ɗan uwansa kuwa suna sa mutum ya ji garau a makon farko, amma idan aka daɗe a kansu suna kumbura fuska, su tayar da suga, su ɗaga jini, su mayar da ƙashi kamar ɓawon gyaɗa, wato su raunana bayan da ake neman gyarawa. Taramol yana kama mutum ya kasa rabuwa da shi, yana kawo jiri da faɗuwa. Na taɓa ganin dattijon da ya zo da ciwon ƙugu irin naka, wanda bai hana shi zuwa kasuwa ba, amma abin da ya kwantar da shi a gadon asibiti aman jini ne bayan shekara guda yana shan irin wannan haɗi.

Duk da haka kada ka watsar da ledar yau ɗin nan da kanka, domin idan akwai firednisolon a ciki kuma ka daɗe kana sha, yanke shi farat ɗaya yana da nasa haɗarin, a hankali ake janye shi. Ka ɗauki ƙulli ɗaya yadda yake ka kai wa likita ko ƙwararren mai haɗa magunguna a cikin makon nan, a tantance kowace ƙwaya, a auna maka jini da suga da aikin ƙoda da yawan jinin jikinka. Idan ka taɓa ganin bayan gidanka ya yi baƙi ƙirin kamar kwalta, ka faɗa a ranar. Farasitamol ƙarfinsa kaɗan ne a kan wannan ciwo, amma ya fi sauran aminci, muddin ba a wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da kwana ba, kuma ga dattijo ƙasa da haka ya fi. Akwai gabafentin da firegabalin da ake rubutawa don zafin jijiya. Wasu suna jin daɗinsu, amma hujjar amfaninsu a wannan ciwo ba ta da ƙarfi kuma suna sa jiri da barci, saboda haka idan an gwada maka na 'yan makonni ba ka ga canji ba, babu dalilin ci gaba da sayensu. Ruwan jiƙe-jiƙen da ake tallarsa a tashoshin mota da sunan maganin ciwon baya, wanda wani ma da barasa ake jiƙa shi, ka bar shi inda ka gan shi.

Maganin da nake so ka ba wa wata uku cur, da gaske ba da wasa ba, shi ne motsa jiki a ƙarƙashin kulawar likitan gashin ƙashi. Mutanenmu da yawa suna raina wannan sashe, suna ganin idan ba allura ko wuƙa ba to ba a yi musu komai ba, wasu kuma suna zuwa a sa musu fitila mai zafi a baya su tashi su tafi. Zafin yana da daɗi, amma atisayen da za a koya maka ka riƙa yi a gida shi ne ainihin maganin. Ka kwanta rigingine a kan tabarma bayan sallar asuba, ka jawo gwiwoyinka biyu zuwa ƙirji ka riƙe su kamar daƙiƙa 20 zuwa 30, ka sake, ka maimaita sau da yawa. Ka zauna a bakin kujera ka sunkuya a hankali har hannuwanka su kusa taɓa ƙasa. Ka tashi daga kujera ka koma ba tare da dafawa ba, sau 10, don cinyoyi su yi ƙarfi. Keke, musamman na girke da ake tuƙawa a wuri ɗaya, yana dacewa da masu wannan ciwo ƙwarai, saboda a sunkuye ake hawansa, kuma mutumin da ba ya iya tafiyar minti biyar yakan iya tuƙa shi minti ashirin. Game da tafiya kuwa, dabarar ita ce ka huta kafin ƙafa ta sage, ba bayan ta sage ba: idan a minti biyar take kamawa, ka zauna a minti huɗu, ka huta, ka tashi ka ci gaba, ka yi haka sau uku ko huɗu a jere. Ciwon da kake ji a lokacin tafiya ba alama ce ta cewa kana yanke jijiya ba, kuma zaman gida saboda tsoronsa shi ne yake narkar da naman cinya har mutum ya kasa tashi. Ka riƙe sanda ba tare da jin nauyin kowa ba, ka sa yaronka ya ajiye maka ƙaramin benci a tsakanin titi da rumfa, ka bar ɗaga buhu ga masu dako. Idan akwai tumbi, rage shi yana rage banƙarewar ƙugu. Da dare ka kwanta ta gefe ka ɗan naɗe ƙafafu, ko rigingine da matashi a ƙarƙashin gwiwa, ka guji rubda ciki.

Batun salla ma kada ya zama maka abin damuwa. Ya tabbata a cikin Bukhari cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ce wa Imrana ɗan Husaini ya yi salla a tsaye, idan bai iya ba a zaune, idan bai iya ba a kan gefensa. Kai da ruku'u da sujada ba su gagare ka ba, tsayuwar ce kawai take yi maka tsawo, sai ka tambayi malaminku yadda za ka kabbarta a tsaye, ka zauna idan ƙafa ta gaza, ka kuma cika sauran yadda ka saba. Wannan ya fi ka daina zuwa jam'i.

Ka sami ɗan littafi ka riƙa rubuta abu biyu kowace Juma'a: minti nawa ka yi kana tafiya kafin dole ta sa ka zauna, da minti nawa kake iya tsayuwa. Wannan lissafi shi ne zai raba gardama bayan wata uku, fiye da ra'ayin kowa a gida ko a kasuwa.

Za a iya yi maka tayin allurar baya, wadda ake zuba maganin kumburi a kusa da jijiyoyin. Tana ba wasu sauƙi na 'yan makonni, amma ba ta faɗaɗa bututun. A wani babban gwaji da aka wallafa a Amurka a 2014, wanda ya ƙunshi mutum 400, waɗanda aka sa wa maganin kumburin tare da na kashe zafi ba su fi waɗanda aka sa wa na kashe zafin kaɗai da wani abin kirki ba bayan mako 6. Ban hana ka ita ba idan akwai wata lalura ta kusa da kake son ka samu ka wuce, amma kada a jera maka su ana karɓar kuɗi da sunan warkarwa.

Shawarar 'yan uwanka kuma, na san ƙauna ce ta sa suka ba da ita. Ƙaho yana iya sassauta tsamin naman baya na kwana biyu, sai dai bututun da muke magana a kansa yana can ciki a bayan tsoka da ƙashi, inda ƙaho ba ya kaiwa, kuma tsaga da askar da ba a tabbatar da tsabtarta ba tana iya jawo ciwon hanta. Ɗori kuwa na karaya ne, kai kuma babu abin da ya karye a jikinka. Abin da nake gargaɗinka a kansa da babbar murya shi ne kada ka yarda wani ya taka maka baya, ko ya banƙare ka da ƙarfi, ko ya murɗe maka wuya don ya ji ƙara.

To idan wata uku suka cika ka yi duk abin da ya kamata, amma littafinka ya nuna tafiyar tana raguwa, ko ta tsaya a inda ba za ka iya neman abincinka da zuwa masallaci ba, a nan tiyata ta zama shawara mai kyau, kuma ba na so tsoro ya hana ka. Ainihin aikin shi ne a cire ɗan ɓangaren ƙashin da ya rufe bututun ta baya tare da tantanin da ya yi kauri, don jijiyoyin su sami fili. A matakin L4 da L5 babu laka, ta riga ta ƙare a sama, kuma mafi yawan waɗanda aka yi wa aikin ana tayar da su su taka a washegari. Wani babban bincike na Amurka da aka fitar a 2008 ya nuna waɗanda aka yi wa aikin sun fi samun sauƙin ciwo da walwala bayan shekara 2, ko da yake tazarar ta ragu da aka bi su zuwa shekara 8. Wani gwajin na 2015 mai mutum 169 ya tarar da cewa waɗanda aka fara da atisaye da waɗanda aka fara da tiyata sun kai matsayi kusan ɗaya bayan shekara 2, amma fiye da rabin 'yan atisayen sun koma an yi musu aikin a tsakani. Abin da na fahimta daga waɗannan shi ne, fara gwada atisaye ba ya sa mutum asara, kuma wanda atisayen bai isar masa ba aikin yana nan yana jiransa. Ka kuma san iyakarsa tun kafin ka shiga: ya fi gyara nauyin ƙafa da nisan tafiya a kan ciwon ƙugun kansa, kuma sagewar da ta daɗe ba lallai ta tafi duka ba. Yana da haɗarinsa, kamar yagewar rigar da ta lulluɓe jijiyoyin, wadda take faruwa ga kusan mutum ɗaya cikin goma kuma yawanci a nan take ake ɗinke ta, da shigar ƙwayoyin cuta, da daskarewar jini a ƙafa, kuma kusan ɗaya cikin biyar yakan buƙaci wani aikin a cikin shekara 8. Lahani mai ɗorewa ga jijiya yana faruwa, amma kaɗan ne ƙwarai idan aka kwatanta da yadda ake ba da labarinsa a majalisa.

Maganar ƙarafa ita ce inda nake so ka tsaya ka yi ciniki irin na dillali, domin a nan kuɗin yake. Sa ƙusoshi da sanduna don a haɗe ƙashi biyu su zama ɗaya aiki ne na daban da ake ƙarawa a kan buɗe bututun, kuma yana da wurinsa: idan ƙashi ɗaya yana zamewa a kan ɗaya yana motsi, ko baya ya karkace sosai. Ana gane wannan ne da hoton ƙashi na yau da kullum da ake ɗauka a tsaye, sau ɗaya a sunkuye sau ɗaya a banƙare. Amma a wani gwaji da aka yi a Suwidin aka wallafa a 2016, mai mutum 247, ƙara ƙarafan bai sa marasa lafiya sun fi samun sauƙi ba bayan shekara 2 da shekara 5, sai dai ya ƙara tsawon aikin da zubar jini da kwanakin asibiti da kuɗi. Don haka ka tambayi likita kai tsaye mene ne ya gani a bayanka da ya sa buɗewa kaɗai ba za ta isa ba, kuma ya nuna maka a hoton. Kai da ba ka taɓa sallama buhu a tayin farko ba, bai kamata ka sallama gona a bakin likita ɗaya ba.

Ka nemi ra'ayi na biyu a Igbobi, wanda yake kan titin Ikorodu, hanyar da motocin BRT na Mile 12 suke bi, ko a sashen tiyatar ƙashi ko na jijiyoyi a LUTH ko LASUTH. Akwai layi da jira, sai ka yi sammako, amma a can za ka sami likitocin baya da sashen gashin ƙashi a wuri ɗaya. Idan kana da rajistar inshorar lafiya, ko ta Ilera Eko ta jihar Legas ko wata, ka tambaya a rubuce abin da take ɗauka da abin da ba ta ɗauka. Idan kuma ka fi son a yi komai kusa da dangi, asibitin ƙashi na Dala a Kano ɗan uwan Igbobi ne. Wanda zai ce ka tafi Indiya ko Masar, ka tuna masa cewa aikin baya yana buƙatar komawa wajen likita na watanni, kuma zaman jirgi da nisan wanda ya yi aikin suna cikin lissafi. A duk inda za a yi, sai an daidaita hawan jininka da suga tukuna, kuma idan kana shan taba sai ka bari.

Ranar da za ka je, ka tafi da ɗaya daga cikin manyan 'ya'yanka wanda zai saurara tare da kai ya rubuta abin da aka ce. Ku riƙe faifan MRI ɗin kansa ko fim ɗinsa, ba takardar sakamako kaɗai ba, don kada a sa ka sake biyan wani hoton, tare da kwalayen maganin hawan jininka, da ƙullin nan na mai kemis, da littafin da ka fara rubuta mintocin tafiyarka. Bayan ka ji abin da suka ce, ka sake rubuto mini tare da lissafin makonni huɗu na farko, mu duba shi tare.